Safar hannu mai samar wa kanta wuta: za ta raba mu da caji a duniyar kwaikwayo?

Injiniya:
Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da na daɗe ina bibiya game da tabarau ɗin nan na shiga duniyar kwaikwayo, da kuma irin waɗanda suke ɗora hoto a kan abin da ido yake gani a zahiri. A ganina an bar jaki ana dukan taiki. Kamfanoni sai gasa suke yi a kan wa ya fi kyan hoto, alhali inda aka gaza shi ne hannu. Za ka sa tabarau, ka ga kofi a gabanka tamkar na gaske, ka miƙa hannu ka damƙi iska. Ita kanta na'urar sau da yawa ba ta san da wane ƙarfi ka damƙa ba.

Yanzu hanya biyu ake bi. Ko dai a ba ka abin riƙewa mai maɓallai a kowane hannu, ko kuma kyamarorin da ke jikin tabarau su riƙa kallon yatsunka, kamar yadda Apple Vision Pro da ya fito a 2024 yake yi. Ta farkon tana ɗaure maka hannu. Ta biyun kuma, da zarar hannu ɗaya ya kare ɗaya, ko ka kai shi bayanka, ko haske ya yi ƙasa, ta fara lalube.

Hanya ta uku ita ce nake so mu yi magana a kai: sensa, wato 'yar na'urar da ke jin motsi, da ake sawa a jiki, a safar hannu ko zobe ko safar ƙafa, wadda motsin mutum ne yake ba ta wuta. Ba a jona mata batir kafin ta ji an lanƙwasa yatsa. Lanƙwasawar ce take haifar da lantarkin, lantarkin kuma shi ne saƙon. A 2012 ne ɗakin binciken Zhong Lin Wang a jami'ar Georgia Tech ta Amurka ya fito da ƙaramin janareta mai aiki da gogayya, kuma tun daga nan wannan fanni ya buɗe. Ni na gamsu cewa nan ne makomar abin take. Ina son jin masu ja.

Mai Gyaran Waya:
Wa alaikumus salam Injiniya. Ni ne na farkon masu ja. Duk na'urar da aka ce ba ta buƙatar caji, in ka kwance ta sai ka tarar da batir a ɓoye. Ta yaya safa za ta yi magana da tabarau ba waya ba batir? Bluetooth da me zai tashi?

Malamar Kimiyya:
Kafin Injiniya ya amsa, bari in shimfiɗa yadda abin yake aiki, don kada mu yi ta gardama a kan abin da wasu ba su gane ba tukuna.

Duk wanda ya taɓa goga mataji na roba a gashi ya ga yana ɗaukar guntayen takarda ya riga ya ga tushen abin. In abubuwa biyu mabambanta suka haɗu suka rabu, ɗaya yana ƙwace wa ɗaya caji. Tun 1757 wani masani, Johan Carl Wilcke, ya jera abubuwa bisa wanda ya fi bayarwa da wanda ya fi karɓa. Fatar mutum da nailon suna ɓangaren masu bayarwa, robar Teflon tana can ƙarshen masu karɓa. Abin da aka yi a 2012 shi ne an yi siraran fefe biyu da irin waɗannan abubuwa mabambanta, aka liƙa siririn ƙarfe a bayan kowane fefe. In fefen biyu suka haɗu suka rabu, cajin da ke kansu yana tura lantarki ya bi waya daga wannan ƙarfe zuwa wancan, in suka sake matsowa ya dawo. To ka ɗora wannan a gaɓar yatsa. Kana lanƙwasawa fefen suna haɗuwa, kana miƙewa suna rabuwa, kowane motsi yana ba da bugu ɗaya na lantarki.

Akwai ɗan'uwan wannan janareta da ya girme shi, wanda Pierre Curie da ɗan'uwansa Jacques suka gano a 1880: wasu duwatsu in an matsa su suna fitar da lantarki. Shi ne yake tayar da tartsatsi a laitar gas mai dannawa. A 1969 wani Bajapane, Heiji Kawai, ya gano akwai roba mai laushi da take da wannan hali, ana kiranta PVDF, kuma ita ce ake iya sawa a tufafi don ba ta da tauri.

Injiniya:
Na gode Malama, kin rage mini aiki. Mai Gyaran Waya, tambayarka a kan hanya take, kuma ba zan kauce mata ba. In ka ga an rubuta cewa sensa tana ba kanta wuta, sensar kaɗai ake nufi. Guntun da zai karanta saƙon, da wanda zai aika shi ta iska, galibi suna nan da ɗan batirinsu. Wannan gaskiya ce, kuma masu rubuta labarai suna yawan tsallake ta.

Amma duba bambancin. Tsohuwar sensar lanƙwasa, dole a riƙa zuba mata wuta ba tsayawa ana auna yadda take canzawa, ko kana motsi ko kana zaune. Ka ninka wannan sau goma sha biyar ko ashirin a hannu ɗaya. Ita kuwa wannan, in ba ka motsa ba ba ta cin komai, kuma bugun da take bayarwa yana iya tayar da guntun daga barci. Ke nan batirin zai ƙanƙance, safar ta yi sauƙi, a daɗe ba a yi caji ba.

Mai Gyaran Waya:
To ai ka ga ka dawo maganata. Akwai batir.

Injiniya:
Akwai, a mafi yawansu. Amma ba dole ba ne har abada. Kamfanin EnOcean na Jamus, wanda ya fito daga cikin Siemens a 2001, yana yin makunnin fitila da ba waya ba batir. Ƙarfin danna shi da yatsa kaɗai ya isa ya aika gajeren saƙo ta iska zuwa fitila. Saboda haka motsin yatsa ya aika saƙo ba tatsuniya ba ce, ana sayar da shi. Inda wahalar take, makunni saƙo ɗaya yake aikawa ya huta, safar hannu kuwa ana so ta riƙa ba da rahoto sau da yawa a kowace daƙiƙa.

Ɗan Wasa:
Ni ina amfani da tabarau ɗin nan sosai, bari in faɗi abin da ke damun mai wasa. Ba caji ne ya fi ci mana tuwo a ƙwarya ba, jinkiri ne. In ka motsa hannu hoton ya biyo baya ko da ƙiftawar ido ne, kwakwalwa tana ganewa, kuma in kai ne ya motsa hoton ya makara, nan take jiri da tashin zuciya suke zuwa. Masu ƙera su suna neman kada tazarar ta wuce milisakan 20. Wannan safar za ta iya? Kuma Yaya Injiniya, kar ka manta an taɓa yin wannan rawar. Power Glove, safar wasa da kamfanin Mattel ya fitar don na'urar wasa ta Nintendo a 1989, an yi ta zuzuta shi, bai daɗe a kasuwa ba saboda ba ya bin hannu yadda ya kamata.

Injiniya:
Ƙanina, ta ɓangaren sauri sensar ba ta da laifi, domin bugun yana fitowa ne a daidai lokacin da fefen suka motsa. In an samu jinkiri, daga manhajar da ke fassara bugun ne ko daga aikawa ta iska. Power Glove kuwa an rage masa kaya ne daga safar DataGlove ta kamfanin VPL don ya yi araha, kuma kwamfutocin lokacin ba su da ƙarfin gyara kuskuren sensa. Yau manhaja tana koyon hannun mutum daga misalai.

Malamar Kimiyya:
Injiniya, akwai aibin da ba ka ambata ba, kuma a wurina ya fi maganar batir girma. Wannan sensa canji kawai take ji. Ka dunƙule hannu, ta ba da bugu. Ka ci gaba da dunƙulewa ba ka motsa ba, sai ta yi shiru, domin cajin ya daidaita, babu abin da ke gudana a waya. To mai riƙe da takobi a wasa, ko ɗalibin tiyata mai riƙe da almakashi cak, ta yaya na'ura za ta san har yanzu yana riƙe? Sai dai ta tuna cewa ta ga bugun rufewa ba ta ga na buɗewa ba. In kuma mutum ya saki a hankali ƙwarai, bugun yana iya yin ƙanƙantar da ba za a gan shi ba, sai hannun da ke cikin hoto ya ci gaba da riƙe abin da mai shi ya riga ya saki.

Haka kuma girman bugun ya dogara da saurin motsi, ba nisan lanƙwasawa kaɗai ba. Wanda ya lanƙwasa kaɗan da sauri yana iya ba da bugun da ya fi na wanda ya lanƙwasa sosai a hankali.

Injiniya:
Wannan ita ce suka mafi nauyi, Malama, na yarda. Akwai dabarun da ake bi. Ɗaya ita ce a daina dogaro da girman bugu, a koma ƙirga shi: a jera siraran layukan ƙarfe, wani fefe ya riƙa zamewa a kansu yayin da yatsa ke lanƙwasa, kowane layi da ya wuce bugu ɗaya ne. In ka ƙirga ka san nisan da aka yi, ko da sauri ko a hankali. Wata dabarar a haɗa ta da kyamarar tabarau: kyamara ta faɗi inda hannu yake, safa ta faɗi lokacin da aka taɓa da ƙarfin taɓawar. Ni a nan na fi ganin amfaninta. Ba sai ta kori kyamara ba. Ta ba da abin da kyamara ba za ta taɓa gani ba, wato matsi.

Likitar Gashi:
Sannunku da muhawara. Ni ba injiniya ba ce, aikina motsa gaɓoɓin marasa lafiya, yawanci masu shanyewar ɓarin jiki, kuma ina karanta ku ne da su a raina.

Wanda hannunsa ya shanye yana buƙatar ya maimaita motsi ɗaya sau ɗaruruwa, kullum, na tsawon watanni. Abin yana da gajiyarwa, kuma ci gaban yana zuwa a hankali har mutum ba ya ganinsa, sai ya karaya ya bari. In aka mayar da motsin wasa, yana ɗaukar ƙwallo a cikin hoto yana jefawa a kwando, yana daɗewa yana yi. In kuma safar tana rubuta yadda yatsa ya motsa yau da yadda ya motsa makon jiya, zan iya nuna masa da idonsa cewa yana samun sauƙi. Wannan kaɗai magani ne.

Abin da nake so ku riƙe shi ne nauyi. Hannun da da ƙyar yake ɗaga kansa ba zai ɗauki safa mai akwatin batir da wayoyi ba. Na ga na'urori masu kyau da suka ƙare a cikin durowa saboda majiyyaci ba zai iya sa su shi kaɗai da hannu ɗaya ba, ko kuma mai jinya ya gaji da yi musu caji. Saboda haka Mai Gyaran Waya, ko da batirin bai tafi gaba ɗaya ba, in ya koma kamar maɓallin riga, a wurina an yi babban aiki. Sai dai maganar Malama ta tsorata ni, domin majiyyatana a hankali suke motsi. Ainihin motsin da ta ce sensar ba ta ji sosai, shi ne nasu.

Malamar Kimiyya:
Haka ne Likita. Irin ta ƙirga layuka da Injiniya ya faɗa ita ta fi dacewa da naku.

Mai Gyaran Waya:
Likita kin sa na sassauta. Amma ga wata. Hannu yana gumi. Duk wanda ya san lantarkin gogayya ya san in iska ta bushe ne yake tsananta, har ƙofar mota ta ja ka, in kuma akwai laima sai ya ɓace. Minti nawa mutum zai yi yana wasa kafin cikin safar ya jiƙe?

Injiniya:
Gaskiya ne, ruwa yana kwashe cajin daga saman fefen, ƙarfin bugu ya faɗi. Abu biyu ake yi: a rufe sensar ruf a cikin roba mai laushi, ko a shafa wa zaren abin da ke korar ruwa. Kowanne da kuɗinsa. In ka rufe ruf, hannu ba ya shan iska. In shafawa ka yi, wanki da gogayya suna cinye shi a hankali. Kuma abin da ke aiki ta hanyar gogayya dole wata rana ya siɗe. Yawancin gwajin da ake bugawa inji ne yake danna sensar sau dubbai a ɗaki mai tsabta, wanda ba daidai yake da hannun mutum mai gumi da ƙura ba.

Wani abin sha'awa, akwai masu neman mayar da gumin kansa wuta. A 2021 ɗakin binciken Joseph Wang a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego ya nuna wani ɗan fefe da ake naɗawa a kan yatsa, yana samar da lantarki daga sinadarin da ke cikin gumi, ko mutum yana barci. Kaɗan ne ƙwarai, amma ba ya buƙatar motsi.

Ɗan Wasa:
Zafin jiki fa? Na ji an ce jikin mutum yana fitar da zafi kamar na ƙwan fitila.

Malamar Kimiyya:
Wajen wat 100 in mutum yana zaune. Amma ba zafin ake girba ba, bambancin zafi tsakanin fata da iska ake girba, abin da Thomas Seebeck ya gano a 1821. Bambancin kuwa 'yan digiri ne, in iska ta yi zafi ma ya kusa ɓacewa. Seiko ta yi agogon hannu mai aiki da haka a 1998. Agogo ya ishe shi. Tabarau kuwa, batirin Vision Pro a waje yake, ana sa shi a aljihu, kuma wajen awa biyu yake yi. Kada kowa ya sa ran jikinsa zai kunna tabarau.

Tafinta:
Ina neman izini in shigo da wani ɓangare. Ina fassara tsakanin kurame da masu ji, kuma duk lokacin da aka yi maganar safar nan sai an ce za ta fassara maganar hannu. A 2020 masu bincike a jami'ar UCLA ta Amurka sun nuna safa mai zare mai samar da lantarki, wadda take mayar da alamun maganar kuramen Amurka zuwa murya ta wayar salula. A 2021 kuma na Jami'ar Ƙasa ta Singafo, ƙarƙashin Chengkuo Lee, suka yi tasu suka haɗa ta da duniyar kwaikwayo. Aikin injiniyanci ne mai kyau, ban raina shi ba.

Amma ina roƙo a daina cewa an warware wa kurame matsala. Maganar hannu ba a yatsu kaɗai take ba. Gira, baki, karkatar kai, inda ka ajiye hannu kusa da jiki, duk nahawu ne. Alama ɗaya tana zama tambaya ko labari gwargwadon yadda fuska ta yi. Safa ba ta ganin fuska. Sannan wa aka ɗora wa nauyi? Kurma ne zai sa safa don mai ji ya huta, shi kuma mai ji in ya ba da amsa safar ba ta da abin da za ta yi wa kurman. Kurame da yawa sun daɗe suna faɗin wannan, kuma ba a cika zama da su kafin a fara ƙera abin ba.

Injiniya:
Wannan gyara ne da ya kamata, 'yar'uwa, na karɓa. Su na Singafo sun sa hanyar da mai ji zai rubuta amsa ta bayyana wa kurman a cikin hoto, amma maganarki ta fuska tana nan daram.

Tunda an ambace su, su ne kuma a 2020 suka nuna safar da ba ji kawai take yi ba, tana mayar wa mutum da taɓawa: in hannunka na cikin hoto ya taɓa abu, sai wani guntu ya motsa a fatarka. Daga baya suka yi zobe mai jijjiga da ɗan ɗumi. Nan ma in faɗa kafin Mai Gyaran Waya ya riga ni: mayar da taɓawa yana shan wuta fiye da abin da yatsa zai samar, nesa ba kusa ba. Ji kyauta ne, amsawa sai da batir.

Dattijo:
Na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Tambayata ɗaya ce. Duk wannan motsin da safar take rubutawa, ina yake tafiya?

Ɗan Wasa:
Baba ka taɓo babban abu. A 2023 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya ta Bakli sun ɗauki bayanan motsin kai da hannu na mutum sama da 55,000 masu wasan Beat Saber da ake yi da tabarau, suka nuna ana iya gane mutum daga motsinsa na daƙiƙa 100 da dacewar kusan kashi 94 cikin 100. Wannan da wurare uku kawai a jiki, kai da hannu biyu. Ina ga an ƙara kowace gaɓar yatsa?

Likitar Gashi:
Kuma ba suna kaɗai ba. Ni daga yadda mutum yake miƙa hannu nakan hango rawar jiki ko raunin da shi bai lura da shi ba tukuna. In ni zan gani da ido, na'ura mai auna kowane motsi za ta fi ni gani. Wannan bayanin lafiya ne, bai kamata ya tafi wurin mai talla ba.

Injiniya:
Baba, abin da zan ce shi ne, sauƙin da nake yabo shi ne kuma haɗarin. Abin da ba ya nauyi, ba ya neman caji kullum, mutum zai manta yana sanye da shi, ya wuni yana ba da rahoto. Meta, wadda a lokacin sunanta Facebook, ta sayi kamfanin CTRL-labs a 2019, kuma a 2025 ta fitar da abin ɗaurawa a wuyan hannu mai karanta lantarkin tsoka don sarrafa tabarau. Shi da batir yake aiki, amma ya nuna inda manyan kamfanoni suka dosa. Abin da ya kamata mai saye ya nema shi ne a fassara motsin a cikin na'urar da ke jikinsa, a aika umarni kawai, kamar "ya danna" ko "ya saki", kada a aika ɗanyen motsin. Wannan ma ya fi tsimin wuta, domin aikawa ta iska ce ta fi cin batir.

Mai Gyaran Waya:
To Injiniya, ni sai na gani da idona. Zan iya haɗa ƙaramarta a teburin aikina?

Injiniya:
Za ka iya. Samo kwali biyu kamar faɗin tafin hannu, ka liƙa wa kowanne takardar alminiyam. Ɗaya ka bar shi haka, ɗayan ka rufe alminiyam ɗinsa gaba ɗaya da farin tef ɗin da masu gyaran famfo suke naɗawa a bakin bututu, Teflon ne. Ka fitar da waya daga kowane alminiyam zuwa ƙafafun ƙaramin ƙwan LED. Sa ɗan soso a gefuna don su riƙa rabuwa da kansu, ka fuskantar da su, ka riƙa bugawa da sauri a wuri mai duhu, za ka ga yana ƙiftawa. Kada alminiyam ɗin biyu su taɓa juna kai tsaye. Daga nan ka huro numfashi a kan tef ɗin ka sake bugawa, ka ga abin da laima take yi.

Malamar Kimiyya:
Kuma in ka sa mitarka ta nuna ɗan kaɗan, kada ka ce bai yi ba. Irin wannan janareta volt ɗinsa yana da yawa amma abin da ke gudana bai wuce 'yan mikro'amfiya ba, kuma bugun gajere ne, mitar gama-gari tana shanye shi kafin ta nuna. In kana da na'urar da ke zana igiyar lantarki a allo, da ita za ka auna. Ka gwada dannawa ka riƙe ba ka saki ba, ka faɗa mana abin da layin ya yi.